Hoto ya nuna jakar ruwa a kan maigidana, Yaya ya ce iska ce

Assalamu alaikum Likita. Daga Jega nake rubuto miki. Maigidana mai walda ne, shekararsa 37, 'ya'yanmu huɗu. Kusan shekara biyu ke nan yana fama da wani ciwo a gefen fuskarsa na dama, yakan zo kamar an jona masa wayar wuta, ya fizge shi na ɗan lokaci ya sake shi. Ruwan alwala mai sanyi yana tayar da shi, asuwaki ma haka. An cire masa haƙori biyu, ciwon ko gezau. Bana kuma kunnen wannan gefen ya fara ƙugi, jinsa ya ragu, in ya miƙe wani lokaci sai jiri ya ɗebe shi. Mun je Birnin Kebbi aka yi masa hoton kai na CT, likita ya ce akwai wata jaka mai kamar ruwa ta cikin bayan kunnen, amma sai an yi wani hoton, MRI, za a san irinta. Tun ranar gidan ya rabu biyu. Yayansa, wanda shi ne ubanmu tun rasuwar mahaifinsu, ya ce iska ce ta shafe shi, hoto na biyu cin kuɗi ne kawai, ƙauye za a kai shi wurin malam. Maƙwabciyata ta ce daji ne, kuma wai injin yana ƙona ƙwaƙwalwa. Shi maigidan ya yi gum, iyaka ya ce in kwana ya ƙare babu hoton da zai ƙara shi. Ina da sarƙa da 'yan kunne na zinare da na gada wurin mahaifiyata. In sayar a ɓoye in kai shi? Kuma don Allah ki gaya mini gaskiya, daji ne?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya saka miki a kan wannan ɗawainiya.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ita ke hana ki barci. Ban ga hoton ba, ban taɓa majinyacin ba, don haka ba zan raɗa wa ciwon suna daga nan inda nake ba. Amma jaka mai kamar ruwa, a wannan wurin, ga mutum mai waɗannan shekarun, tana tafiya a hankali har shekara biyu, ba irin tafiyar ciwon daji ba ce. Akasarin jakunkunan da ake samu a cikin kai ba daji ba ne, da yawansu ma da su aka haifi mutum. Maƙwabciyarki ta ji an ce ƙwaƙwalwa sai ta kai ƙarshen labari tun ba a fara shi ba.

Sai dai kalmar nan jaka da likita ya faɗa muku, wadda da Turanci suke cewa sist, sunan dangi ne kawai. In an ce miki an kama kifi a Matan Fada, ai ba a gaya miki komai ba tukuna, giwan ruwa ne ko tarwaɗa? Haka jakar nan. Wata irin ana barinta inda take har mutum ya tsufa, wata irin sai an yi tiyata, wata magani ake haɗiya, wata kuma ko allura ba a yarda ta taɓa ta ba. Likitan da ya ƙi yi muku alƙawarin komai sai ya ga MRI ya yi abin da ya kamata.

Wurin da aka ga abin, wani ɗan lungu ne tsakanin ƙwaƙwalwar ƙeya da tushen ƙwaƙwalwa, matsattse, kuma hanyar wucewar jijiyoyi ce. Jijiyoyin da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa guda 12 ne a kowane gefe. Ta biyar ita ke ɗauko jin taɓawa da zafi daga fuska da haƙora. Ta bakwai ke motsa fuska. Ta takwas ke kula da ji da daidaituwar tsayuwa. Dukansu uku ta wannan lungun suke bi. Ki sake karanta wasiƙarki: fizgar wuta a fuska, ƙugin kunne, jiri. Kin lissafo ta biyar da ta takwas ba tare da kin sani ba. Haƙoran nan biyu kuwa, Allah Ya jiƙan rai, da wuya in su ne masu laifi. Wannan ciwon yakan ɓad da kama ya zo a siffar ciwon haƙori, mutane da yawa sai sun yi asarar haƙora kafin a gano daga sama abin yake. Kada a sake cire ko ɗaya.

A wannan lungun akwai jaka iri biyu masu kama da juna kamar Hassan da Usaini. Ta farko ana ce mata araknoyid. Ƙwaƙwalwa tana lulluɓe da tantani hawa uku, na tsakiyar siriri ne kamar saƙar gizo-gizo, daga nan sunan ya samo asali a harshen Girka. Wani lokaci tantanin yakan rabu biyu ya yi aljihu, ruwan da ƙwaƙwalwa ke ninƙaya a ciki ya taru a aljihun. Ruwa ne garai-garai, babu gauraye. In aka ɗauki hoton MRI na mutum 100 da ke yawonsu lafiya, akan sami ɗaya ko biyu da irinta, kuma yawancinsu ba za su taɓa sanin tana nan ba.

Ta biyun, efidamoyid, ita ce ba kasafai ake ganinta ba, kusan ɗaya cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a cikin kai. Labarinta abin mamaki ne. Tsakanin mako na 3 da na 5 da shigar ciki, lokacin da halittar ƙwaƙwalwa ke naɗewa, sai wasu 'yan ƙwayoyin fata su maƙale a ciki. Ba su san sun yi ɓatan kai ba, sai su ci gaba da aikin fata, wato saɓa. Saɓar da ta jikinmu ke zubarwa a ruwan wanka, ita wannan ba ta da wurin zubarwa, sai ta riƙa taruwa shekara da shekaru, fara sol mai walƙiya, da laushi kamar kakin kyandir. Shi ya sa ba ta cika yin magana ba sai mutum ya kai shekara 20 zuwa 40. Kuma halinta daban ne: ta ruwan takan ture jijiya gefe, ita kuwa wannan kutsawa take cikin kowane saƙo, ta nannaɗe jijiyoyi kamar kauci a jikin bishiya.

Hoton CT nauyin abu yake aunawa. Ƙashi fari, iska baƙa, ruwa duhu-duhu. Gwani ne wurin ganin karaya da sabon jini bayan haɗari. To ga CT waɗannan jakunkuna biyu nauyinsu kusan ɗaya, inuwarsu ɗaya. Ga shi kuma ƙashin bayan kunne yana cikin mafi tauri a jikin ɗan Adam, yakan jefa zane-zane a kan hoton daidai wurin da ake son gani. CT ya yi iya yinsa, ya ce akwai baƙo a ɗakin. Fuskar baƙon ce bai gani ba.

MRI wata hanya yake bi daban. Babu irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a cikinsa ko kaɗan. Ƙaton maganaɗisu ne da igiyar rediyo. Jikinmu yawancinsa ruwa ne, a cikin ruwan akwai ƙwayoyin haidurojin da maganaɗisun ke jera su sahu, igiyar rediyo ta ɗan karkatar da su, in suna komawa sahu sai su fitar da amon da kwamfuta ke mayarwa hoto. Tun farkon shekarun 1980 ake amfani da shi a asibitoci, mutum biyun da suka share masa hanya, Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila, sun karɓi kyautar Nobel a 2003. Ana sa yara a ciki, ana sa tsofaffi. Ba ya ƙona ƙwaƙwalwa.

Abin da zai raba gardama a kan maigidanki salo biyu ne na ɗaukar hoton, ina so ki rubuta sunayensu a takarda. Na farko FLAIR: ana umartar injin ya shafe duk wani tsabtataccen ruwa. Jakar araknoyid sai ta yi baƙi ƙirin, efidamoyid kuwa ba ta shafuwa duka, takan rage dusu-dusu kamar ruwan wanke-wanke. Na biyu DWI, shi ne alƙali. Wannan yana auna yadda ƙwayoyin ruwa ke samun sararin motsi. Ki ɗauki yaro a filin Idi ranar da ba kowa, da shi wannan yaron a tsakiyar kasuwar Jega ranar cinta. A jakar ruwa ƙwayoyin suna sheƙa gudu, hoto ya fito baƙi. A cikin cunkoson saɓa kuwa ba inda za su motsa, sai wurin ya haska fari fat kamar an kunna ƙwan lantarki. Ko ke aka nuna wa za ki gane bambancin. Kafin zuwan wannan salon a shekarun 1990, sai an soka allura a gadon baya an zuba rini a ruwan ƙwaƙwalwa ake iya rarrabe su.

Bayan jakunkunan nan biyu, akwai abu na ukun da ba zan ɓoye miki ba. Abin da aka fi samu a wannan lungun wani ƙari ne na rigar jijiyar ji, shi ma ba daji ba ne, kuma wani lokaci yakan tara ruwa a cikinsa. Saboda shi ne mai yiwuwa a yi wa maigida allurar rini mai suna gadoliniyam ana tsakiyar hoton. Ƙarin yana shan rinin ya yi haske, jakunkunan nan biyu galibi ba sa sha. Akan nemi gwajin ƙoda kafin allurar, kada ki ɗauka ƙarin caji ne.

Yanzu maganar Yaya ta cin kuɗi. Ba zan ce ba shi da gaskiya ko ƙwaya ɗaya ba, domin ana iya biyan kuɗin MRI a dawo da hoton da bai amsa tambayar ba. Injinan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ana auna ƙarfin da tesla, wanda aka fi dogaro da shi a wannan aikin mai tesla 1.5 ne, wato ya ninka maganaɗisun ƙasar da muke takawa kusan sau 30,000. Wata ƙidaya da aka wallafa a 2018 ta sami injin MRI 58 kacal a duk faɗin Najeriya, akasarinsu masu ƙaramin ƙarfi, an ƙaru tun daga lokacin amma har yanzu ba kowane ne ke fitar da DWI mai kyau ba. Saboda haka kafin ku hau mota, a buga waya: injin yana aiki wannan makon? Ƙarfinsa nawa? Yana yin DWI? Nawa ne da rini, nawa ne ba rini? Likitan da ya tura ku ya rubuta tambayarsa ƙarara a takardar, araknoyid ce ko efidamoyid. Shawarata ku fara ganin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa tukuna, su faɗi inda suke so a ɗauka. Mafi kusa da ku ita ce cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, daga Jega hanya ce miƙaƙƙiya ta Tambuwal. Akwai kuma Shika ta Zariya da Asibitin Malam Aminu Kano in hali ya kai can. Ku tafi da hoton CT ɗin kansa, ba takardar bayaninsa kaɗai ba.

Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk wasiƙarki, kalma biyu: mai walda. Injin ba ya cutar da ƙwaƙwalwa, amma ba ya wasa da ƙarfe, kuma maganaɗisun a kunne yake dare da rana ko ba kowa a ciki. Mutumin da ya yi shekaru yana yanka ƙarfe yana gurzawa, ɓurɓushi na iya faɗa masa a ido ya zauna, ya manta. A cikin injin wannan ɗan tsinin yana iya motsawa, kuma an taɓa samun wanda ya rasa ido ta haka. Ki zaunar da shi ki tambaye shi ko ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, ko da shekara goma ne, ko da wani abokin aiki ne ya lasar masa shi. Ya faɗa wa masu hoton da bakinsa tun kafin su tambaya. Za su duba CT ɗin da aka riga aka yi, ko su ɗauki ɗan hoton ƙashin ido, aikin minti kaɗan ne. Haka duk wanda ke da harsashi ko ɓaraguzansa a jiki, abin da a 'yan shekarun nan ya daina zama baƙon labari a yankinmu, da mai batirin zuciya, da wanda aka sa wa ƙarfe a tiyata. Laya da guru da kambu da zobe duk a cire a bar miki a waje, don ba a san abin da aka ɗinke a cikinsu ba. Waya da katin banki ma haka. In aka ce ki shiga ki tsaya kusa da shi, ke ma ki cire fil ɗin hijabi da 'yan kunne.

Ɗaukar kanta ba zafi. Zai kwanta a gado mai shiga cikin wani rami kamar bakin rijiya a kwance, minti 30 zuwa awa ɗaya, ba motsi. Ƙara ce dai kamar ta maƙera, za a toshe masa kunne, mai walda kuwa ba ƙara ce za ta razana shi ba. Ku karɓi hoton a faifai, ku adana, don shi za a riƙa gwadawa da na gaba.

In ta fito jakar ruwa ce, likitoci za su auna ko ita ke danne jijiyoyin. In ba ita ba ce a bar ta ana leƙawa, in ita ce a huda mata ƙofa ruwan ya koma hanyarsa. In efidamoyid ce mai ba da irin waɗannan alamun, maganinta tiyata, babu ƙwaya ko jiƙon da ke narkar da ita. Ana shiga ta bayan kunne a kwashe farin abin. Wahalar tana wurin ɓawonta mai manne wa jijiya, likita mai hankali yakan gwammace ya bar ɗan guntu da ya tsinke jijiyar fuska, shi ya sa ake ci gaba da hoto bayan shekaru don tana iya sake taruwa a hankali. Aiki ne babba mai haɗarinsa, ku tambayi likitan ya lissafa muku shi ɗaya bayan ɗaya. Amma ciwon fuskar yakan lafa ga mafi yawan waɗanda aka yi wa.

Don masu karatu da aka ce wa su ma akwai jaka a kansu, kada kowa ya ɗauki amsar wannan baiwar Allah ya yafa. Akwai jakar da ƙwan tsila ke haddasawa, mai kawo farfaɗiya, kuma ba sai ka ci naman alade ba, ƙwan yana shiga ta hannu marar wanki da ganye da ruwan da bayan gida ya gurɓata. Akwai wadda ake ɗauka daga kashin karnukan da ke cin kayan cikin tumaki, ita ce ba a hudawa don ruwanta na shuka wasu. Akwai wata 'yar ƙarama mai suna koloyid da ke zama a bakin magudanar ruwan ƙwaƙwalwa, ƙanƙantarta ba ta hana ta toshe hanya farat ɗaya.

Kafin a kai ga hoton, akwai alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: ciwon kai mai tsanani da amai, musamman da asuba, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ganin abu biyu-biyu, jijjiga, mutuwar hannu ko ƙafa, ƙwarewa in yana haɗiya, zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Ko ɗaya kika gani, asibiti a wannan sa'ar. Ya daina hawa sama yin walda, ya rage tuƙa babur muddin jirin na nan. Ciwon fuskar kuma farasitamol ba ya jin sa, tiramol jaraba kawai zai ƙara masa. Akwai maganin da ke kwantar da shi, kabamazefin, amma likita ne zai rubuta ya kuma bi sawu, don yakan fesar wa wasu da mugun ƙurji mai saɓule fata. Kada a saya a kemis da ka.

Zinarenki naki ne, shari'a ba ta ba kowa iko a kansa ba. Amma kada ki sayar a ɓoye, kuma kada ki sayar yanzu. Hoton nan somin-taɓi ne, in tiyata ta taso nan ne babban kuɗin yake. In kika yi gaban kanki yau, gobe ke kaɗai za a bari da kayan, kuma in wani abu ya karkace ko da ƙaddara ce, sunanki za a kira. A fara da gudummawar dangi, da abokan sana'arsa, da adashi. In yana da rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KECHEMA, a tambayi abin da take ɗauka. Manyan asibitoci suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ba abin kunya ba ne a ƙwanƙwasa.

Yaya kuwa kada ki ja da shi a kan iska, ba za ki ci wannan gardamar ba, kuma ba kya buƙatar cin ta. Ruƙiya da addu'a da sadaka a ci gaba da su, babu inda suka yi karo da hoto. Abin da za ki tsaya a kai uku ne kawai: ba za a kai shi ƙauye a ajiye wata da watanni ba, ba tsaga, ba ɗura masa komai a kunne ko a hanci. Ki bi ta wurin wanda Yaya ke jin nauyinsa, gwaggonsu ko limamin unguwa, kuma roƙon ya zama na girmamawa: Yaya, kai ne uba, so muke ka jagorance mu Sakkwato ka ji daga bakin likita da kunnenka. Na sha ganin dattijon da ya zo yana huci, da aka juyo masa allon kwamfuta aka nuna masa abin da tsawonsa da faɗinsa a milimita, shi ya fara tambayar ranar aiki.

Shirun maigida kuma kada ki fassara shi duka da taurin kai. Mai wannan ciwon magana ma tana tayar masa da fizgar, tauna ma haka, ga tsoron da namiji ba ya son matarsa ta gani. Ki dafa masa mai laushi, ki ɗumama masa ruwan alwala, ki zaɓi lokacin da ciwon ya lafa. Gaskiya ya faɗa, hoto ba ya ƙara kwana, kada ki musa masa. Ki ce masa ba kwana kike nema masa ba, so kike ya wanke fuskarsa da asuba ba tare da ya dafe bango ba, kuma jin da ya rage a kunnen nan a cece shi, don jijiyar ji in ta mutu ba kasafai take dawowa ba.

In sakamakon ya fito, ki nemi layin da aka ambaci DWI, ki roƙi likitan ya ɗora yatsansa a kan hoton ya nuna miki fari ne ko baƙi, sannan ki sake rubuto mini. Allah Ya sa kaffara ce, Ya tashi kafaɗunsa.